Igiya Ɗaya a Gaban Jar Fitila

Ran nan ina zaune a ƙofar shagona a Gwarinpa, sai na hangi 'yar maƙwabcina ta jingina waya da buhun shinkafa tana rusa kuka, hawaye har wuya. Na miƙe a guje, takalmi ɗaya a ƙafa, zan tambayi wa ya rasu. Kafin in isa ta share fuska, ta duba wayar, ta ce bai fito da kyau ba, ta gyara ɗankwali ta ɗora sabon kuka. Haka ta yi ta yi har la'asar, ba wanda ya mutu. Na koma na zauna ina mamakin zamanin da komai ake gogewa a sake. Mu da muka tsaya gaban kyamara lokacin garin nan na Abuja yana jariri, ba a ba mu wannan gatan ba. Abin da ya fita daga bakinka ya fita ke nan, duniya ta ji, sai dai ka koma gida ka zauna da shi.

Yaran yanzu ba sa yarda in na ce musu a nan inda shagona yake zabbin daji ne ke tashin mutum da asuba. Da hantsi sai a ji nakiya ta fashe a gindin dutse, ƙasa ta girgiza, koko ya yi tsalle daga kofi. Katafila kuwa tana gurnani tun safe har faɗuwar rana. Da damina jar laka takan cinye takalmi da rai, ina da takalma a ƙarƙashin manyan titunan nan da suka isa a buɗe shago. Matan Gwari na wucewa da itace a kafaɗa, suna kallonmu kamar masu jiran mu gaji mu koma inda muka fito. Sai kuma motocin Ikko, tireloli shaƙe da tebura da kujeru da takardu ɗaure da igiya, gwamnati ce sukutum ake kwasowa kamar kayan amarya. Ma'aikata su sauko da kwat da laima, su kalli daji, su kalli direba, wani ya tambaya ko ɓatan hanya aka yi. Mu muna Karmo, cikin ɗakin kwano wanda da rana yake gasa mutum, in ruwa ya sauko kuma sai ka yi ihu kafin matarka ta ji kana neman gishiri. Matata, Maman Ummi, ita ke ɗebo ruwa a rafi da goyo a baya, ta dawo ta hura wutar ɗanyen itace har idanunta su yi ja.

Aikina a lokacin kuku ne a gidan wani injiniya Ba'amurke mai aikin hanya. Kuku a suna dai, don iyawata ba ta wuce dafa ƙwai da ƙona burodi ba. Abin da ya riƙe ni a gidan uwarsa ce, wadda ya ɗauko ta zauna da shi. Iya muke ce mata. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, iska mai ƙarfi za ta iya kai ta Suleja, amma ko shara za ta zubar sai ta sa jan baki. Ita ba ta son zaman falo. Kicin take biyo ni, ta hau kujera, ina feraye dankali tana ba ni labari da Turancinta mai fita ta hanci, ni ina kamawa da nawa na firamare. A wurinta na ji cewa 'yar wasan talabijin ce a ƙasarsu tun talabijin bai san launi ba. Da rediyo ta fara, tana murya kawai, sai aka ga fuskar ma ba ta da laifi aka tsai da ita gaban kyamara. Ta yi matar aure, ta yi maƙwabciya mai gulma, ta yi nas, ta yi sakatariya, kuma a tsakiyar wasa sai ta share hawaye ta ɗaga sabulu ta yi tallarsa, ta ajiye ta koma kukanta. Duk kai tsaye, ba ɗauka a ajiye. Ta ce wata rana bangon katako na ɗakin wasa ya taho zai faɗo, ta tokare shi da baya ta ci gaba da zuba wa mijinta na wasa shayi har aka gama. Ba ta taɓa zama babbar tauraruwa ba. Mutane kan tare ta a kanti su ce sun san fuskar nan, su kasa tuna a ina. Da fata ta fara yamutsewa aka mai da ita uwa, daga uwa zuwa goggo, daga nan wayar gidanta ta daina ƙara. Na tambaye ta ina za a ga wasannin nata. Ta busa tafin hannunta ta ce iska ta kwashe, ba a ajiye ko ɗaya ba. Doka ɗaya ta rage mata, kullum sai ta maimaita mini: in jar fitilar kyamara ta kama, ba ka da uwa, ba ka da uba, ba ka da ciwon ciki, ka faɗi abin da aka rubuta maka.

To, a daidai wannan lokaci aurena igiya ɗaya ta rage masa. Biyun farko ba sai na ba da labarinsu ba, bakina ne, wanda kakata ke cewa yana riga hankalina tashi daga barci. Ranar da na je Paikon Kore, ƙauyensu Maman Ummi da ke kusa da Gwagwalada, biko na biyu, surukina yana zaune a gindin rumbu yana ɓare masara, bai ko ɗago kai ba ya ce, "Yaro, ga matarka nan, ɗauki. Amma ka sani saki ba a wasa da shi. Ko cikin raha ka faɗa ya faɗu. Ta ukun nan in ta tsinke, ko ni ba ni da allurar ɗinke ta." Na ce na ji, Baba. Ya ce, "Kunnenka ya ji. Bakin nake wa magana."

Muna da 'yar ƙungiyar wasan kwaikwayo, mu leburori da masinjoji da direbobi, muna yi a filin firamare ranar Asabar. Ana nan sai sabon gidan talabijin ya nemi wasan Hausa da zai ƙarfafa wa ma'aikata gwiwar tarewa a sabon gari. Mai shirya shirin, wani ɗan kudu da kowa ke kira Oga, shi ya rubuta, manya suka sa hannu. Labarin akawu ne da aka yi wa canji daga Ikko, matarsa ta ce ita ba ta zaman daji, ya sake ta, daga baya ta dawo ta ga gari ya yi kyau tana cizon yatsa. Ni aka ba akawun. Na'urar ɗauka kuwa ba ta iso ba, tana cikin wata tirela a hanya, don haka kai tsaye za a yi. Da Iya ta ji haka sai ta yar da sandarta, ta zama yarinya. Kullum tana wurin gwaji, tana nuna mana inda za mu tsaya, tana zana alli a ƙasa, tana marina a kafaɗa in na juya wa kyamara ƙeya. Oga kuma ya yi alkawari, in wasan ya yi kyau zai ɗauke ni aikin dindindin, da ɗakin siminti a Nyanya mai famfo a tsakar gida. Famfo! Na ba duniya labari. Har Paikon Kore na aika, aka ce mai gari ya sa an yi cajin batirin mota, za a fito da talabijin ƙofar gida kowa ya ga surukin gari.

A gida Maman Ummi ke taya ni hadda. Tana tankaɗe tana amsa mini maganganun matar akawu har ta fi mai su iyawa. Amma in muka zo wurin kalmar nan sai in yi tari, in fita bayan ɗaki, in faɗa wa bishiyar mangwaro. Bishiyar nan na sake ta ya fi sau dubu, ba ta taɓa yaji ba.

Ranar wasa, da azahar, muna gwajin ƙarshe a ɗakin gidan talabijin, aka ce wadda za ta yi matar ba ta nan. Mai buga tafireta ce, tun da safe ofishinsu ya sa ta a mota ta koma Ikko rako wasu kaya. Oga ya ɗora hannu a ka yana zagaya ɗakin kamar kazar da aka ɗauke wa ƙwai. A daidai nan Maman Ummi ta shigo da kwanon abincina, ta tsaya a bakin ƙofa. Wani ya karanta maganar matar don a ci gaba, Iya ta lura leɓen matata na motsi tare da shi. Ta kamo hannunta ta kawo ta tsakiyar alli.

"Ga ta nan," in ji Iya da Turanci. "Miji da mata na gaskiya. Ban taɓa samun irin wannan sa'a ba."

Na ja Oga gefe na ce, "Oga, ba zai yiwu ba. Matata ce ta sunna. In na faɗa mata kalmar nan a gaban mutane, auren ya mutu."

"Wane mutu? Wasa ne fa," ya ce da Hausarsa ta kasuwa. "Matarka ya sani, kai ka sani, kowa ya sani."

"To a canza wurin. In yi fushi in fita kawai."

"Ka ga kujera can? Babban mutum daga ma'aikata zai zauna a kai, takarda a hannunsa. Ka canza kalma ɗaya, ni da kai mun koma daji. Kana son famfo ko ba ka so?"

Na koma wurin Iya, na yi mata bayani da duk Turancin da Allah ya hore mini, har da yatsu uku ina lanƙwasa biyu. Ta yi dariya har da tari. Ta ce ita an sake ta a talabijin, an harbe ta, an binne ta, ga ta nan tana shan shayi. Ta shafa kumatuna ta ce tsoron kyamara ne, kowa na yi.

Mai gyaran wuta, da ya ji komai daga saman tsani, ya leƙo ya ce, "Kai, faɗi abinka. Ba niyya ba saki, haka na ji wani malami ya ce." Mai kyamara, wani Bakano mai gemu, ya ce, "Malamin naka zai ba shi wata matar? Kalma in ta fito fili ba ta neman niyya. Ni dai shaida ne, idona na cikin gilashi." Suka kaure da musu, kowa na jawo malaminsa, ni ina tsakiya kamar naman da karnuka biyu ke ja.

Saura ita. Na same ta a bayan labule tana ba Ummi nono. Na durƙusa na ce, "Maman Ummi, ki ce ba ki iyawa. Ki ce kunya kike ji."

"Ba na jin kunya."

"Ke, kin san abin da ke cikin wasan nan."

"Na sani. Mangwaro ma ya sani."

"To ki taimake ni, in mun zo wurin ki faɗi ki suma."

Ta gyara wa yarinyar kwanciya, ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta saba ba. Ta ce, "Baban Ummi, ni an ce in yi, zan yi nawa. Kai ma ka yi naka. Ka ce direban Iya ya kai ni gida in canza zane, ba zan fita idon duniya haka ba." Oga ya ɗaga murya ya ce ta ɗauro ƙunshin tsummoki, wanda matar akawu za ta ɗora a ka in za ta tafi.

Bayan la'asar aka rufe ƙofa. Wanda bai shiga irin ɗakin nan ba bai san zafi ba. Fitilu a sama kamar an kawo rana an rataye ta da igiya, janareta na nishi a waje, babban mutumin ya zauna da babbar riga da takarda a cinya. Iya ta ja kujera ta zauna gefen mai kyamara, ta ɗaga yatsa, ta sauke. Jar fitila ta kama. Farkon wasan ban san yadda ya wuce ba, bakina ne ke aiki shi kaɗai. Abin da na sani, matar nan da ko a gaban surukarta ba ta ɗaga murya, ta tsaya tana zuba magana kamar a ɗakin aka haife ta. Da ta ce, "Ka kawo ni inda ba dangi, ba ruwa, ba inuwa, ka ce in yi haƙuri," sai na ji muryar ba ta wasa ba ce. Haka aka rubuta, amma ba haka mai tafireta ke faɗa ba. Na tuna rafi, na tuna hayaƙin ɗanyen itace. Gumi ya bi ta bayana ya cika takalmi. Kowace magana na faɗa, ina jin wurin nan na matsowa kamar motar da birkinta ya tsinke a gangara.

Ta sunkuya ta ɗauki ƙunshin ta aza a ka. Ta ce, "To, me ka yanke?"

Nan ne wurin. Na buɗe baki. Na ga ɗakin siminti, na ga famfo na zuba, na ga Maman Ummi ba tulu a ka, don Allah ya sani saboda ita nake son famfon. Na kuma ga tsohon nan a Paikon Kore, yana zaune gaban talabijin ɗin mai gari, duk gari a bayansa. Na rufe bakin. Shirun da ya biyo baya, ni a lissafina an yi shuka an yi girbi a cikinsa. Oga ya rarrafo ƙarƙashin kyamara yana raɗa mini kalmar, jijiyar wuyansa kamar za ta tsinke. Babban mutum ya ɗaga takarda yana neman inda aka tsaya. Iya ta kafe ni da ido, tana juya yatsa a iska, ci gaba, ci gaba.

"Malam," in ji matata a hankali, wannan kuwa ba a rubuta ba, "mutane na jira."

Ban san lokacin da na taka na tsallake allin ba. Na sa hannu biyu na sauke ƙunshin daga kanta, na dire shi a ƙasa, na zauna a kai daram. Wani abu mai tauri ya soke ni, ban kula ba. Na ce, "Ba inda za ki. In ba ki son Abuja ni ma na fasa. Gwamnati ta tare ita kaɗai!"

Na ji takarda ta faɗi daga cinyar babban mutum. Oga ya miƙe yana yanka wuyansa da hannu, a kashe, a kashe. Mai kyamara zai kau da kai, sai Iya ta damƙe masa riga, ta tura kyamarar kan fuskar matata ta riƙe. Ni daga ƙasa nake kallonta. Ba ta yi dariya ba, ba ta yi kuka ba. Gefen mayafi kawai ta ja ta rufe baki. Daga nan aka yanke, aka sa hoton dutse da busar sarewa, aka bar shi har magariba.

Zagin da Oga ya yi mini da harsuna uku, in da ana sayarwa da na gina gida. Aiki ya tafi, ɗakin Nyanya ya tafi, aka ce ko inuwata kada a sake gani a bakin ƙofa. Muka fito fili tare da Iya. Ta tsaya jikin mota, ta daɗe tana kallon Maman Ummi tana ɗaura goyo. Sannan ta ce mini ranar da nata mijin ya kwashe kayansa ya bar gida, ta sani tun da safe, amma ta tafi aiki, ta ɗaga sabulu ta yi murmushi, ba ta ɓata kalma ko ɗaya ba. "Ka lalata mini wasa, yaro," ta ce. Ta shiga mota, ta zuge gilashi, ta sake saukewa ta miƙo wa matata jan bakinta. Damina ɗaya ta ƙara da mu ɗanta ya gama hanyarsa suka koma, ban sake jin labarinta ba.

Mu kuwa a ƙafa muka kama hanyar Karmo. Ni ke ɗauke da ƙunshin, ina sauya kafaɗa, ina mamakin tsumman da ya fi buhun gero nauyi. Da muka shiga ɗaki na kunna aci-balbal, na kwance ƙullin. Zannuwanta ne na fita, da rigunan Ummi, da tukunyar samirun da uwarta ta ba ta ranar tarewa, har da 'yar tabarmar sallarta a naɗe. Na ɗaga kai na dubi ƙusar da take rataye kaya. Ba komai a jiki.

Na ce, "Maman Ummi, tsumma fa aka ce ki ɗauro."

Ta ce, "Motar Gwagwalada ta ƙarshe bayan magariba take tashi. Da ka faɗa, ba sai na dawo kwasar kaya ba."

Ta kwance goyo ta miƙo mini yarinyar. Ta durƙusa tana ɗaukar zannuwan ɗaya bayan ɗaya, tana kakkaɓewa, tana mayar da su kan ƙusa. Da ta gama ta ɗauki samirun ta duba gindinsa, inda na zauna ya lotsa. Ta nuna mini, ta girgiza kai, ta ce, "Hura mini wuta, tuwo zan ɗora."